Daga ƙananan macizai zuwa bowa: wacce ce ba za ta fi ƙarfinka ba?

Tambaya: Na ɗan jima ina kiwon macijin masara (corn snake) guda ɗaya da mesar nan mai dunƙulewa (ball python), duk suna ci suna saɓa lafiya lau. Yanzu raina ya biya da bowa, amma ina tsoron in ɗauko wadda za ta girma ta fi ƙarfina, don ni kaɗai ke kula da su, ɗakin kuma ba wani babba ba ne. Wace iri zan nema?

Amsa: Ɗan'uwa, tun da kai kaɗai ne kuma wurin ba yalwa, ka nemi namijin irin bowar da ake kira Boa imperator, haihuwar gida, daga zuriyar Amurka ta Tsakiya ko ta tsibiran da ke gaɓarta, a hannun mai kiwon da zai yarda ya nuna maka uwar da uban. Abin da zai biyo baya dalilai ne, sai kuma wani kashedi game da mesarka wanda a wurina ya fi zaɓin kansa nauyi.

Bowa dangi ne mai faɗi na macizai marasa dafi, masu kashe abin da za su ci ta hanyar matsewa. A cikinsa akwai 'yar ƙaramar da ke nutsewa cikin yashi, wadda ba ta kai mita guda ba, akwai kuma anakonda da ta fi kowane maciji nauyi a duniya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne jarirai. Bowa galibi ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, kuma uwa ɗaya kan zubo 'ya'ya ashirin ko talatin a lokaci guda, wani sa'in ma fiye. Kowane jariri bai wuce santimita 40 zuwa 50 ba, kaurinsa kamar na babban yatsa. A wannan matakin wanda zai tsaya a mita ɗaya da rabi da wadda za ta kai mita uku duk kamarsu ɗaya a tafin hannu. Bayan shekara huɗu ko biyar ne bambancin ke fitowa, lokacin da mayar da ita ya yi wuya.

Kada kuma ka auna da tsawo kaɗai. Macijin masararka zai iya kai wa mita ɗaya da rabi bai cika kilo guda ba. Mesarka kilo ɗaya da rabi ce ko biyu. Macen bowar Kolombiya mai tsawon mita 2.4 tana iya haura kilo goma, kuma tsoka ce zalla. Idan ta laƙe wutsiya a ƙafar tebur ta ce ba za ta saki ba, sai ka aje abin da kake yi ka lallaɓa ta. Nauyin nan shi ke yanke girman keji, girman abin da za ta ci, yawan kashin da za ka kwashe, da ko za ka iya fito da ita kai kaɗai ranar da ba ta da lafiya.

A kasuwar macizai za ka ji ana kiran kusan kowace bowa mai jan wutsiya, alhali iri biyu ne. Boa constrictor, wadda masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa suna a 1758, ita ce mai jan wutsiyar ainihi, daga Suriname, Giyana, Peru da arewacin Birazil. Boa imperator kuwa daga Meziko take gangarowa ta ratsa Amurka ta Tsakiya har yammacin Kolombiya. An daɗe ana ɗaukar ta reshen ta farko, sai binciken ƙwayoyin halitta daga 2009 ya sa aka raba su. Ƙirga tabon da ke jere a gadon baya yana taimakawa: constrictor yawanci ba ta kai 22 ba, imperator kuwa daga 22 zuwa 30. Mai jan wutsiyar ainihi ta fi kyau, ba musu, wutsiyar ja jawur kamar an rina. Amma macenta na iya kusantar mita uku ko ta wuce, kuma cikinta ba ya ɗaukar wasa: sanyi kaɗan ko ɓera ya ɗan yi mata girma, sai ta amayar. Wadda ta saba amai kuwa gyaranta aiki ne. Bar ta sai gaba.

A cikin imperator, zuriyar Kolombiya ita ta fi yawa a hannun masu kiwo, ita ce kuma ta fi sanyin hali. Namijinta kan tsaya tsakanin mita 1.8 da 2.1, mace tsakanin 2.1 da 2.7. Namijin Kolombiya zaɓi ne mai kyau idan kana da wurin keji mai tsawon mita biyu. Idan babu, sai ka duba gajerun zuriyoyi, kuma nan ne na fi so ka tsaya.

Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce bowar Hog Island, daga tsibiran Cayos Cochinos na Honduras. Fara-fara ce mai ɗigo-ɗigo, wutsiyarta ruwan lemo, kuma launinta na sauyawa: wadda ka gani da duhu-duhu da rana, da dare sai ka same ta ta yi haske kamar wata ce dabam. Namiji kan tsaya wajen mita 1.2 zuwa 1.5, mace ta ɗan ɗara. A shekarun 1980 an yi ta kwasar su daga tsibiran ana kai wa kasuwa har aka yi zaton sun ƙare. Yanzu wurin yana ƙarƙashin kariya, don haka duk ta halal da za ka samu haihuwar gida ce. Akwai kuma na tsibiran Beliz, wato Caye Caulker da Crawl Cay, da na Corn Islands a Nikaragua, da na Nikaragua ta tudu, da na duwatsun Tarahumara da yankin Sonora a Meziko, waɗanda yanzu masana ke ware su da sunan Boa sigma. Masanin macizai Scott Boback ya yi aiki a kan na tsibiran Beliz, inda ya nuna yadda suka fi danginsu na tudu ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A can ƙananan tsuntsaye suka dogara da su, abincin kuma ba kullum ba, shi ya sa jikinsu ya tafi a kan tsimi.

Sai dai a faɗi gaskiya, gajerun nan sun fi na Kolombiya saurin fushi suna ƙanana. Jaririn Nikaragua ko na Beliz zai buɗe baki ya yi maka huci mai ƙarfin da ba za ka ce daga wannan ɗan jikin yake fitowa ba, ya kuma kai sara. Tsoro ne, don a daji komai cin sa yake yi. Yawancinsu suna hucewa cikin shekarar farko idan ana ɗaukar su a natse, ba da yawa ba. Cizon jariri bai wuce 'yan ɗigon jini ba. Ni a ganina gara jariri mai huci da zai tsaya a mita ɗaya da rabi da mace mai laƙwas da za ta buƙaci mutum biyu.

Matsalar gajerun ita ce gauraye. An sha haɗa Hog Island da Kolombiya don a sami launi, 'ya'yan su fito da hasken uwa da tsawon uba, a kuma sayar da su da sunan tsibiri. Haka yawancin masu launin ƙawa, zabiya da sauransu, jinin Kolombiya ne a jikinsu, girman Kolombiya za su yi. Shi ya sa na ce sai ka ga iyaye. Uwa 'yar shekara bakwai da ba ta wuce mita 1.6 ba ta fi kowace takarda gaskiya. In kuma launin ƙawa ya ja ka, ka sani cewa wanda ake kira motley, idan jariri ya gaje shi ta uwa da uba duka, ba ya yin tsawon rai. Batun namiji kuwa, kada ka tsaya a maganar baki. Bowa na da ɗan ƙaimi biyu a gefen mafitar bayan gida, ragowar ƙafafun baya. Na namiji ya fi fitowa, wutsiyarsa ta fi tsawo da kauri a gindi. A jariri wannan bai isa shaida ba, sai wanda ya iya ya duba maka a gabanka. Mutane da yawa sun sayi namiji, bayan shekara uku suka gano mace ce.

Wasu za su ce maka ƙaramin keji ko rage abinci zai hana ta girma. Batun keji ƙarya ne, rage abinci kuma, ko ya tauye girman, zalunci ne. Jini ne ke yanke iyakar girma. Abin da ƙunci da yunwa ke haifarwa maciji ne mara lafiya mai mugun hali.

Sauran dangin kuma fa? Bowar yashi ta Kenya da bowar rosy ta kudu maso yammacin Amurka da Baja Kalifoniya suna da daɗin sha'ani, amma namijin ta farko bai cika wuce rabin mita ba, ta biyu kuma da ƙyar take kai mita guda. Ga wanda ya riga ya riƙe mesa, wannan ba ci gaba ba ne. Ta yashin ma yini take a binne, hanci da ido kawai za ka gani. Bowar bakan-gizo ta Birazil, Epicrates cenchria, ita ce ta fi jan ido. Ka fito da ita rana bayan ta yi saɓa, sai ka ga shuɗi da kore suna gudu a kan jan fatarta duk inda ta motsa. Tsawonta mita 1.5 zuwa 2 ne, siririya, ɗaukarta ba wuya. Wuyar a keji take: tana son danshin iska kashi 75 cikin ɗari ko fiye, jarirai ma sun fi haka, ba ta kuma jure zafi. Keji ya haura digiri 30 na Salshiyas ya daɗe a haka, za ka iya rasa ta. Idan inda kake akwai zafi kuma ba ka da hanyar sanyaya ɗaki, manta da ita. 'Yar'uwarta ta Kolombiya, Epicrates maurus, ta fi ta ƙanƙanta da juriya, amma launinta kan dushe ya koma ruwan ƙasa idan ta girma. Bowar Dumeril ta Madagaska mai haƙuri ce ƙwarai, ba ta hawa, wajen mita biyu take tsayawa, amma kakkaura ce, jariranta kan yi gardamar ci, kuma tana cikin rukunin da dokar cinikin namun daji ta duniya ta fi tsaurara wa. Bowoyin bishiya, korayen nan da ke naɗe a reshe, na kallo ne: haƙoransu dogaye, ba sa son hannu. Anakonda da bowar Ajantina ba ma sa cikin maganarmu.

To a ce ka samu namijin da na faɗa. Keji ya kai aƙalla tsawon macijin idan ya miƙe, faɗi da tsayi kuma kada su gaza santimita 60. Wanda aka yi da robar PVC ko katakon da aka shafe ya fi akwatin gilashi mai murfin raga riƙe ɗumi da danshi. Ƙofa ta gaba ta fi, don hannun da ke saukowa daga sama kama yake da shaho a idonsa. Sa makulli na gaske. Ƙofar da mesarka ba ta taɓa turawa ba, bowa zai sa hanci ya zame ta. Gefen ɗumi digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, gefen sanyi 25 zuwa 27, da dare kada ya sauka ƙasa da 23 ko 24. Danshi kashi 60 zuwa 70, a ƙara lokacin saɓa. Duk abin da ke ba da zafi a haɗa shi da na'urar daidaita zafi, a kuma kare ƙwan fitila da raga, domin maciji kan kwanta a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai matsa ba. Maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe, kwanon ruwa mai nauyin da ba zai kife ba, da reshe mai ƙwari. Matasan imperator suna hawa sosai, na tsibiri ma har girmansu.

Wajen ci ne za ka ga bambanci da mesarka ƙarara. Ita ka san halinta, ta yi wata biyu ko uku tana yajin ci ba dalili. Bowa da wuya ya ƙi, kuma nan ne masu kiwo ke kashe shi da ƙauna. Narkewar abinci a cikinsa a hankali take. Jariri ya ci sau ɗaya a kwana 7 zuwa 10, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu duk mako biyu, babba duk mako uku zuwa huɗu. Ɓeran kada ya fi kaurin tsakiyar jikinsa, ya bar ɗan tudu kaɗan da zai baje cikin kwana biyu. Lafiyayyen bowa jikinsa mai kusurwa ne kamar tubali, baya shimfiɗe, gefuna a miƙe. Idan ya zama mulmulalle, fata tana leƙowa tsakanin ɓawon jiki, kai ya yi ƙanƙanta a kan gangar jiki, kitse ne, kuma kitsen har hanta yake kaiwa. Wanda aka ɗura wa abinci don ya yi saurin girma ba ya kai shekarun da ya kamata. Daskararren ɓera da aka narkar aka ɗumama ya fi mai rai, don mai rai na iya cizon macijin ya yi masa mummunan rauni. Wannan na nufin za ka ware wa ɓeraye wuri a firiza shekara da shekaru. Gara ka yi wannan maganar da mutanen gidanka tun yanzu. Bayan ya ci, kada ka ɗauke shi sai bayan kwana biyu ko uku. Idan ya amayar, a ba shi hutun mako biyu, a duba zafin keji, sannan a gwada ƙaramin ɓera.

Ka koyi karanta shi kafin ka sa hannu. Ka zame ƙofa da yamma, kan ya ɗago, harshe na fita da sauri-sauri, wuya ya lanƙwashe ya ja baya, ido na bin motsinka. A wannan lokacin duk abin da ya shigo da ɗumi ɓera ne a wurinsa. Ɗauki ƙugiyar maciji ka ɗan shafa masa baya ko ka taɓa kansa a hankali. Za ka ga wuyan ya saki, kan ya sauka, ya juya gefe. Yanzu ka ɗauke shi daga tsakiyar jiki. Idan kullum ƙugiya na nufin ba abinci, abinci kuma da dogon awartaki yake zuwa, cikin 'yan watanni zai rarrabe. Cizon tsoro sara ne ya saki. Cizon yunwa kuwa riƙewa yake ya nannaɗe. Idan haka ta faru kada ka fizge, haƙoran baya suka karkata, za ka yage fatarka ka karya masa haƙori. Zuba masa ruwan sanyi a kai, ka warware shi daga wutsiya, sannan ka wanke ciwon da sabulu. Wanke hannu bayan kowace taɓawa ma dole ne saboda ƙwayar cutar salmonela.

Kada ka bari ya zagaye maka wuya, komai sanyin halinsa. An daɗe ana cewa bowa shaƙe numfashi take yi, sai binciken Boback da abokan aikinsa a 2015 ya nuna jini take tsayarwa, cikin daƙiƙoƙi kuma gudunsa ke rushewa a jikin ɓera. Macijin da ya ji zai faɗi zai ƙara matsewa ne don ya riƙe, ba da mugunta ba, amma jijiyoyin wuya ba ruwansu da niyya. Ƙa'idar masu kiwo ita ce maciji ya kai mita 2.4, a sami mutum na biyu a ɗakin. Zaɓin da na ba ka an yi shi ne don kada ka taɓa kai wa wannan layin.

Yanzu kashedin. Akwai cutar da ake kira IBD (inclusion body disease), wadda ke kama bowoyi da mesoshi. A 2012 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka danganta ta da wani bairos na dangin arena. Ba ta da magani. Mugun abin shi ne bowa na iya ɗauke da ita wata da watanni, har shekaru, yana ci yana saɓa ba alamar komai, mesa kuwa idan ta kamu cikin makonni take lalacewa: kai ya riƙa karkata sama, jiki ya murɗe, a kifar da ita ta kasa juyowa. Wato sabon baƙon da ka kawo lafiya ƙalau zai iya zama ajalin mesar da ka raina. Ana kyautata zaton kaskar maciji, ƙananan baƙaƙen ɗigon nan da ke maƙalewa a gefen ido da ƙarƙashin haɓa, tana cikin masu yaɗa ta. Saboda haka killacewa ba zaɓi ba ne. Ɗaki dabam, aƙalla wata uku, shida ya fi. Shimfiɗa masa farar takarda don kaska ta fito fili, ka riƙa duba ƙasan kwanon ruwa, nan suke taruwa idan ya jiƙa jiki. Awartaki dabam, ƙugiya dabam, kwano dabam. Ka gama da tsofaffin macizanka tukuna, shi ne na ƙarshe, sannan ka wanke hannu ka sauya riga. Ɓeran da ya shinshina ya bari, a zubar, kada a miƙa wa mesa. Likitan dabbobin da ya san macizai zai iya ɗibar jini ko ya goga baki a yi gwaji. Yi shi a farkon killacewa, ka maimaita a ƙarshe. Idan ba ka da ɗaki na biyun da za ka yi wannan, shawarata ka dakata da sayen.

Doka ma sai ka duba kafin kuɗi ya fita. Duk dangin bowa suna cikin yarjejeniyar CITES da ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, yawancinsu a rukuni na biyu, ta Dumeril da ta Ajantina a rukuni na ɗaya. Ostireliya, Niyu Zilan da jihar Hawai ba sa yarda a ajiye irin waɗannan macizai a gida, wasu ƙasashe da birane kuma sai da lasisi. Dalilin a bayyane yake: tun 1999 aka fara ganin bowa a dajin tsibirin Aruba, inda da babu ita, ta yaɗu tana cin tsuntsayen wurin. Idan haya kake, mai gida ma yana da ta cewa. Ka kuma lissafa shekaru. Bowa kan yi 20 zuwa 30 a hannun mai kula, an ma taɓa samun wanda ya haura 40 a gidan namun daji na Filadelfiya. Aure, ƙaura, sauyin aiki, duk da shi za a yi, kuma masu karɓar babban bowar da aka gaji da shi ba su da yawa.

Idan ka je gun mai kiwo, na fi son ka ɗauki ɗan wata shida zuwa shekara guda a kan sabon haihuwa, don ya riga ya kafu da ci kuma halinsa ya fara bayyana. Tambayi ranar haihuwarsa, abin da yake ci, da ranar da ya ci na ƙarshe. Mai kiwon kirki yana da wannan a rubuce. Tambaye shi ko yana gwada macizansa, da ko ya taɓa asarar wani ta hanyar amai ko karkacewar kai. Riƙe macijin. Ya kama hannunka da ƙarfi, harshe na aiki, baki a rufe ruf ba kumfa, numfashi ba shesheka, ciki ba tabon ƙuna, ba guntun tsohuwar saɓa a ido ko a ƙarshen wutsiya. Bayan ka aje shi duba tafinka ko akwai baƙin ɗigo mai motsi. Kamun daji kuwa kada ka kusance shi, da tsutsar ciki da kaska yake zuwa, kuma ba lallai ya taɓa sabawa da hannu ba.

Keji ya riga macijin isowa da mako guda, yana kunne, kana duba zafi da danshi safe da dare har su daidaita. Ranar da ka kawo shi, sa shi ciki ka rufe, ruwa kawai za ka riƙa sauyawa. Bayan mako ɗaya ka miƙa masa ɓera ɗan ƙasa da wanda ya saba. Sai ya ci sau biyu ko uku a jere bai amayar ba za ka fara ɗaukar sa, minti biyar zuwa goma, sau biyu a mako, kana zaune a ƙasa.